Ciwon Da Ba A Zuwa Dubiyarsa

A ƙasar Hausa akan je dubiyar mai zazzaɓi, akan je ta wanda ya karye, har mai ciwon ido ma akan leƙa a yi masa sannu a ajiye masa ɗan lemo. Amma ba a cika jin an ce jama'a sun ɗunguma zuwa gaida mai ciwon haƙori ba. Abin da yakan samu shi ne dariya da shawara. Duk wanda ya gan shi ya tallabe kumatu sai ya zama likita nan take, wannan ya ce a sa kanwa, wancan ya ce a cusa garin taba. Wannan raini da ake yi wa haƙori shi ne ya sa galibin mutane ba su isa gaban likitan haƙori sai al'amari ya riga ya wuce ciko ya kai ga wuƙa. Abin da ya sami wani tela a Minna, babban birnin Jihar Neja, ya isa mai karatu ya ga yadda tafiyar takan kasance.

Telan nan magidanci ne, ya ba shekara 50 baya, yana zaune a Limawa da matarsa da 'ya'ya bakwai, shagonsa kuwa yana kusa da Kasuwar Kure. Kakansa Bakano ne, yana cikin waɗanda suka biyo hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda aka gama cikin 1911, suka yada zango a Minna, zangon ya zama gida. Mutum ne mai kamun kai, ba ya shan taba, goro ma sai jefi-jefi. Abin da ya ɗaure masa gindi a wurin aiki shi ne shayi mai kauri, cokali uku na sukari, da 'yar alewa da yakan jefa a kunci in ɗinki ya yi tsawo.

Kogon ya soma ne a turmi na biyu na ƙasa, wajen hagu, kimanin shekara biyu kafin abin ya ɓaci. Da fari ba ya jin kome sai in ya kurɓi ruwan sanyi, ya ji wani tsam kamar an taɓa shi da tsinke, nan da nan kuma ya wuce. Daga baya nama ya riƙa maƙalewa a wurin, shi kuwa da yake allura ba ta yi masa nisa, sai ya zaro ɗaya daga jikin hularsa ya sakace. Da a ce a lokacin ya je asibiti, aikin rabin sa'a ne: a kankare ruɓaɓɓen wurin, a yi masa ciko, ya koma bakin kekensa a ranar.

Ya kamata a tsaya a nan a faɗi abin da yake haƙa kogon, domin mutane da yawa har gobe sun ɗauka tsutsa ce. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan zato ba. An tarar da labarin tsutsar haƙori a rubuce a jikin tsofaffin allunan yumɓu na ƙasar Babila, Turawa ma sun daɗe a kansa, har wani likitan Faransa mai suna Pierre Fauchard ya musanta shi a littafinsa na aikin haƙori cikin 1728. Gaskiyar magana ita ce, akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune cikin dattin da yake liƙe a jikin haƙori. In sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami, tsamin nan kuwa shi yake zaizaye ɓawon haƙori a hankali, ko da yake ɓawon nan ya fi kowane ƙashi na jiki tauri. Yawan sukarin da aka sha a zama guda bai kai yawan maimaitawa ɓarna ba. Mai ajiye alewa a kunci tun hantsi har la'asar ya bar haƙoransa a jiƙe cikin tsami wuni zur. Saboda haka 'yan fararen tsutsotsin da masu magani suke nuna wa mutane a kan auduga a kasuwa, ba daga bakin mai ciwo suka fito ba, tare da su aka zo.

A cikin kowane haƙori akwai wani ɗan ɗaki da jijiya da hanyoyin jini suke ciki. Ran da kogon tela ya kai ga ɗakin nan, azumi ya riga ya kama, azumin kuma ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Minna yake hana mai lafiya ma barci. Ciwon ya canja kama. Ya daina jiran ruwan sanyi, shi da kansa yake tasowa, musamman in dare ya raba tela ya kwanta, ya riƙa bugawa kamar ana kiɗa a cikin muƙamuƙi, yana harbawa har kunne.

Nan fa shawarwari suka yi ta zuwa. Matarsa ta daka masa kanumfari, ya kuwa ji sauƙi na 'yan sa'o'i, ba abin mamaki ba ne, domin man kanumfari yana kashe zafi da gaske, likitocin haƙori da kansu suna amfani da shi cikin waɗansu kayan aikinsu. Sai dai yana rufe bakin ciwo ne, ba ya taɓa tushensa. Wani maƙwabcin shago ya ce a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi a bar ta ta narke, aka yi, ta ƙona wurin ya yi fari fat. Wani makanike ya kawo ruwan batir a murfin kwalba, Allah Ya taimaka tela ya ƙi, domin wannan ruwa yana cin nama kamar wuta. A ƙarshe ya aiki yaro kemis, aka ƙullo masa kafso na kwana biyu, ya sha bayan shan ruwa da lokacin sahur.

Ana nan sai ciwo ya ɗauke ɗif. Tela ya yi hamdala, ya yaba wa mai kemis, ya duƙufa kan ɗinki. To, a duk tafiyar ciwon haƙori babu wurin da ya kai wannan yaudara. Ciwon bai ɗauke don an warke ba, jijiyar ce ta mutu, mataccen abu kuwa ba ya kuka. Ƙwayoyin cutar sun sami ɗaki babu mai tsaro, jini ba ya shiga balle magani ya iske su, sai suka bi saiwar haƙori suka gangara cikin ƙashi. Ko a nan ma da sauran dama, domin likita yana iya buɗe haƙorin ya wanke hanyar jijiyar ya cike ta, haƙori ya zauna a wurinsa, in kuwa ya lalace da yawa a cire shi cikin tsabta.

Mai karatu zai ce, to me ya hana shi zuwa? Bai kamata a yi saurin ganin wautarsa ba. Duk wanda ya san sana'ar ɗinki ya san cinikin shekara a cikin azumi yake. Shadda da yadi sun cika shagon har rufi, an karɓi kuɗin kafin alƙalami an riga an sayi hatsi da su, kowane mai kaya kuma yana zuwa da daddare yana tuni. Wuni guda a layin asibiti ya yi daidai da riga uku. Ban da wannan kuma akwai tsoro. Ya ji an ce allurar haƙori tana karya azumi, ya ji an ce wanda aka cire wa haƙori idonsa yakan raunana. Maganar ido ba ta da tushe ko kaɗan. Ta azumi kuwa, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda cikin 1997 ta lissafa cikon haƙori da cire shi cikin abubuwan da ba su karya azumi, muddin mutum ya kiyaye bai haɗiye kome ba. Amma irin wannan bayani bai cika isa shagon tela ba.

Bayan kamar mako guda haƙorin ya dawo da wani sabon salo. Ya zama kamar ya fi 'yan'uwansa tsawo, in ya haɗa baki sai ya ji har ƙwaƙwalwa, gefen muƙamuƙi kuma ya ɗan tasa. Da dare ya yi, bayan asham, wani abokinsa ya kai shi wurin wani mai cire haƙori a bayan tasha. Mutumin yana da benci da fitila da awartaki a cikin gwangwani. Tambaya ɗaya tak ya yi masa: “Malam, wanne ne?” Tela ya nuna. Aka shafa wani abu, aka kama, aka murɗa, sai kan haƙorin ya ɓalle, da ma ya ruɓe, saiwoyi biyu suka zauna a cikin ƙashi. Mai awartaki ya cusa masa auduga ya ce sauran za su fito da kansu.

Kwana uku kawai aka yi. Ranar farko kumburi ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙin hagu. Rana ta biyu ya zagaya ta ƙarƙashin haɓa ya kama dama, wuyan ya yi tauri kamar katako, zazzaɓi ya rufe shi, baki ya ƙi buɗuwa sai da ƙyar cokali yake shiga. A dare na uku matarsa ta farka ta gan shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyi ya miƙa wuya gaba, yawu yana dalala a kan rigarsa. Ta ce, “Malam, ka kwanta mana ka huta.” Ya girgiza kai, ya yi magana da wata murya kamar mai dankali da zafi a baki, ya ce in ya kwanta numfashi yana ƙwace masa. Matar nan ba ta yi boko ba, amma ta san mutumin da ya kasa haɗiye yawunsa ba na jiran safiya ba ne. Ta aika aka taso ƙanensa, aka nemo Keke Napep, suka nufi asibitin gwamnati.

Likitan haƙorin da aka kira saurayi ne, bai fi sa'ar babban ɗan tela ba. Abin da ya fara yi shi ne ya hana a kwantar da shi, ya sa aka ta da kan gado, ya tsaya yana kallon yadda yake jan numfashi. Sa'an nan ya shiga tambaya, yawanci matar da ƙanen suke amsawa.

“Baba, yaushe kumburin ya fara? Wane magani ka sha, na kwana nawa? Kana da hawan jini? An taɓa ba ka wani magani jikinka ya yi ƙuraje ko ya kumbura? In ka yanke, jini yana saurin tsayawa?”

Ya juya wajen matar. “Mama, yana yawan tashi fitsari da dare? Yana yawan jin ƙishirwa?”

Ta ce, “Likita, ai azumi ake yi, ga zafi. Kowa ma shan ruwa yake yi.”

“Kafin azumin fa?”

Ta yi shiru, ta yi tunani, ta ce lalle tun wajen damina yake ajiye buta biyu a bakin ƙofa, ya kuma rame, su sun ɗauka wahalar aiki ce. Aka soki ɗan yatsansa aka auna, sai ga sukari ya yi sama ƙwarai. Tela ya daɗe da ciwon sukari bai sani ba.

A nan ne bambancin likita da mai awartaki yake, ba a ƙarfen da suke riƙewa ba, domin ƙarafan nasu sun yi kama da juna. Kowace tambaya daga cikin waɗannan akwai ran mutum a bayanta. Mai ciwon sukari jikinsa ba ya yaƙi da ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, ƙaramin ƙurji a wurinsa gobara ne. Mai hawan jini ana son a auna shi kafin a taɓa shi, don allurar kashe zafi tana ɗauke da wani sinadari mai matse hanyoyin jini, ga kuma fargaba tana ƙara hawan. Wanda yake shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya yana iya kwana yana zubar da jini daga ramin haƙori guda. Mai sikila da mace mai ciki kowannensu da irin shirin da ake yi masa, ba kuwa hana su magani ake yi ba, kamar yadda ake yaɗawa game da masu ciki. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin kuwa, allura ɗaya tana iya kai shi lahira. Mutumin da ya tambayi “wanne ne?” kaɗai, haƙori ya gani, bai ga mai haƙorin ba.

Abin da ya kama tela yana da suna a littattafan likitoci, sunan wani likitan Jamus ne, Wilhelm von Ludwig, wanda ya bayyana shi cikin 1836. Yadda abin yake shi ne, saiwoyin turamen ƙasa na can ƙurya sun zarce wani faifan nama da ya shimfiɗu a ƙarƙashin harshe. In mugunya ta huda ƙashi a daidai nan, ba cikin baki take fashewa ba, sai ta zuba cikin wuya, ta bi tsakanin tsoka da tsoka ta mamaye ɓangarorin biyu. Kumburin ya tura harshe sama da baya, har ya toshe maƙogwaro. Galibi shaƙewa ce take kisa, wani lokaci kuma cutar ta gangara ƙirji ko ta shiga jini. Kafin a sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ya kama mutuwa suke yi. Yanzu inda aka kai mutum da wuri aka kuma yi abin da ya dace, waɗanda ake rasawa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Likita ya ja ƙanen gefe ya ce za a tsaga wuya a daren, a kuma fitar da saiwoyin da suka rage. Ƙanen ya ja da baya. Ya ce su abin da suka sani ba a taɓa haƙori yana kumbure, a yi wa Yaya allura tukuna kumburi ya saɓe, in ya so bayan Salla a yi aikin. Wani likitan da sai ya daka masa tsawa, ko ya miƙa masa takarda ya ce in ba su yarda ba su sa hannu su tafi. Wannan bai yi haka ba. Ya ɗauki takarda ya zana masa wuya da harshe da hanyar iska, ya ce, “Alhaji, in ƙaya ta soki ƙafa ta yi ruwa, ana jira ƙafar ta warke kafin a cire ƙayar?” Ya gaya masa ƙarara cewa allura kaɗai ba ta isa inda mugunya ta taru, kuma in numfashi ya ƙara tsananta tilas a huda maƙogwaro a sa bututu. Bai ɓoye masa cewa ana iya rasa majinyacin ko da an yi aikin ba. Sa'an nan ya koma wurin tela da kansa, ya maimaita masa a taƙaice, domin wuyansa ne za a yanka ba na ƙanensa ba. Tela ya ɗaga kai alamar ya yarda. Wannan minti goma da aka ɓatar wajen bayani yana cikin maganin, don dangin da ba su fahimta ba su ne suke sulalewa da majinyaci da asuba su kai shi wurin mai tofi.

Ba a sa shi barci ba, saboda sa mai irin wannan kumburi barci yana da nasa hatsarin, harshe yana iya faɗawa baya ya rufe hanya gaba ɗaya. Allurar kashe wuri aka yi masa yana zaune. (Abin sha'awa, likitocin haƙori ne suka buɗe wa duniya ƙofar tiyata ba tare da azaba ba. Horace Wells ya gwada wata iska mai gusar da zafi a Amurka cikin 1844, William Morton kuma ya nuna aikin wani maganin sa barci a asibitin birnin Boston ran 16 ga Oktoba, 1846, dukansu biyu masu aikin haƙori ne. Allurar da aka fi yi wa mutane yau a kujerar likitan haƙori kuwa a ƙasar Suwidin aka haɗa ta cikin 1943.) Aka yi 'yan tsage-tsage a ƙarƙashin muƙamuƙi hagu da dama da ƙarƙashin haɓa, aka buɗa hanyoyi, wani ruwa mai wari ya tsiyayo, aka zura 'yan robobi don ya ci gaba da fita. Aka lallaɓa aka zaro saiwoyin nan biyu. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, likitan ciwon sukari kuma ya zo ya tsara masa allurar insulin.

Aikin wuƙa bai kai sa'a guda ba, amma jinyar ta ci kwana 12, kuma a cikinta ne aka ceci ran. Nas-nas suna duba numfashinsa dare da rana, suna auna sukari sau da yawa a wuni, ana wanke raunuka ana sake auduga safe da yamma. Abinci sai ta bututun roba, kunu ba sukari, da romo. Matarsa ta so ta dama masa fura da zuma don ya yi ƙarfi, aka hana. Da kumburi ya soma saɓewa aka zare robobin, sai aka shiga yaƙi da muƙamuƙi, domin bakin da ya daɗe a rufe yakan so ya zauna haka. Aka ba shi 'yan faya-fayan katakon nan da likita yake danne harshe da su, ya riƙa jera su yana cusawa tsakanin haƙora, kullum ya ƙara ɗaya, yana hawaye, har ya kai yatsunsa uku suna shiga a tsaye, wanda shi ne ma'aunin bakin mai lafiya.

A gadon asibiti ya yi Salla. Mutanen Limawa suka yi ta zuwa da kwanonin tuwo da ba ya iya ci, har da waɗanda suka ba da shawarar kanwa da taba. Yaransa na shago sun ɗinka abin da suka iya, sauran kaya aka mai da wa masu su a yanke ba a haɗa ba, waɗansu suka yi haƙuri, waɗansu har yau ba su sake kawo masa ɗinki ba. Kuɗin magani da na gwaje-gwaje ya cinye cinikin azumin duka, ya haɗa da keke ɗaya daga cikin uku. Ciko da aka guje wa tun fari bai kai kuɗin ɗinkin babbar riga guda ba.

Duk da haka telan nan yana cikin masu sa'a, don a Minna yake, inda akwai Babban Asibiti da Asibitin Ƙwararru na Ibrahim Badamasi Babangida, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida, in abu ya gagara kuma a miƙa mutum asibitin koyarwa na Gwagwalada ko na Shika a Zariya. Jihar Neja ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, tana da ƙananan hukumomi 25, likitocin haƙori kuwa a manyan garuruwa suke taruwa. Manomin da wuyansa ya kumbura da tsakar dare a wani ƙauye na Mariga ko Mashegu ko Agwara, tafiyar da take gabansa ta fi numfashin da ya rage masa tsawo. Ƙarancin ma'aikatan nan yana da tarihi. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a ƙasar nan a Jami'ar Legas aka buɗe ta cikin 1966, ta Ibadan ta biyo cikin 1975, Arewa kuwa ba ta sami tata ba sai bayan shekara ta 2000, a Jami'ar Maiduguri. Shekaru da yawa sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da yake Kaduna a lokacin, inda Farfesa Adekeye ya yi suna, shi ne madogarar yawancin jihohin Arewa. Rahoton da ya buga cikin 1980 a kan mutum 109 masu wani ƙari da yake cin ƙashin muƙamuƙi har yanzu likitoci suna ambatonsa.

Ba kuwa matsalar Nijeriya kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2022 cewa kusan mutum miliyan 3,500 suna fama da wata cuta ta baki. Mafi munin cikinsu a wannan yanki ita ce noma, wadda ake kira zaizayar baki, mai kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana. Ita ma daga ɗan gyambon dasashi take farawa, wanda magani mai araha yake kashewa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. An kafa mata asibiti na musamman a Sakkwato cikin 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023.

Ba za a iya kai likitan haƙori kowane ƙauye a bana ko baɗi ba, amma akwai ma'aikacin lafiya a kusan kowace gunduma. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta koya wa waɗannan su riƙa cewa majinyaci ya buɗe baki, su haska tocila su duba, su kuma san alamun da ba a kwana da su: kumburin da ya sauka wuya ko ya hau wajen ido, bakin da ya ƙi buɗuwa, kasa haɗiye yawu, da canjin murya. Masu kemis ma a ja musu kunne. Kafso na kwana biyu da suke ƙulla wa mai ciwon haƙori ba ya warkar da kome, lokaci kawai yake saya wa cutar.

Mako uku bayan an sallami tela ya koma asibiti da katinsa. Likita ya duba tabon wuya, ya duba takardar sukari, sa'an nan ya bi sauran haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ɗan madubi. Ya sami kogo biyu ƙanana da za a cike, da wani turmi na sama da ya riga ya wuce gyara. Aka sa rana, aka tabbatar ya karya kumallo ya sha maganinsa, aka auna jini da sukari, aka cire shi cikin minti 15. Wannan karon an sallame shi da ƙa'idoji, nas ta sa ya maimaita su da bakinsa: ya cije auduga rabin sa'a, kada ya kurkure baki ko ya yi ta tofar da yawu a ranar, domin gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ciwon, in ya fita ƙashi ya zauna a buɗe, bayan kwana biyu ko uku azabar ta fi ta farko. Daga washegari ya riƙa kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan kowane abinci, har mako guda. In jini ya ƙi tsayawa ko wuri ya kumbura, ya dawo ko da tsakar dare ne.

Ya tambayi likita ko ya bar asuwaki ya koma buroshi. Likita ya ce kada ya bari, asuwaki yana share haƙori sosai in an iya shi, sai dai ya haɗa da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid safe da dare, ya kuma riƙa kai wa turamen ƙurya, don yawancin masu asuwaki haƙoran gaba kaɗai suke gogewa, waɗanda mutane suke gani. Kogo biyun nan an cike ɗaya. Na biyun an ba shi rana, ranar ta faɗo mako biyu kafin Babbar Salla, shago kuma ya sake cika da shadda. Matarsa ce ta karɓi katin ta ajiye a cikin kwallarta.